Kwalabe Uku na Jinin Malam Ilya

Ranar Talatar da ta wuce na ji ɗaya daga cikinku, ku ɗaliban da aka turo mana koyon aiki a labo, yana gaya wa abokinsa cewa wannan sana'a ba ta da wuya: ka sa jini a mashin, ka danna, ka jira takarda. Ban tanka ba, don ba ni da saurin baki, kuma in na tashi magana a gaban mutane nakan manta rabin abin da na yi niyyar faɗa. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan ce bai da gaskiya ko kaɗan ba. Mashin ɗin da muke da shi yanzu ya fi ni sauri, mai yiwuwa ma ya fi ni daidaito. Sai dai yana auna abin da ka ba shi ne, a lokacin da ka ba shi. Abin da ya sami jinin tsakanin hannun mai shi da bakin mashin ba ruwansa da shi, wannan naka ne.

Sunana Sani, kun sani. Bagobiri ne ni daga wajen Maradi, karatu ya kawo ni Yamai, aiki ya riƙe ni. Da na gama, na samu wuri a wani kilinik mai zaman kansa kusa da Plateau, a ƙarƙashin wata dattijuwa Bazabarma da kowa ke kira Tanti Fati. Na je mata da takardar shaida mai kyau da kai cike da sunaye. Ta karɓi takardar, ta duba ta a tsanake, ta sa a aljihun tebur, ta miƙa mini buroshi. Mako biyu ban yi komai ba sai wanke kwalabe da koyon jera su a cikin santiri, wato injin da ke juya jini da ƙarfi har ƙwayoyin su kwanta ƙasa, ruwan ya tsaya sama. Namu tsoho ne mai rami takwas. In ka sa kwalba a gefe ɗaya ba ka sa mai nauyinta a gefen da ke fuskantarta ba, sai ya kama rawa yana tafiya a kan tebur, kuma na taɓa kama shi da hannu biyu a bakin faɗuwa. Ban da shi akwai firijo guda, madubin duba ƙwayoyi guda, mashin ɗin auna sukari da sauran abubuwa wanda sai ka jira shi ya yi ɗumi da safe, da babban kaye, wato littafi mai baƙin bango, da muke rubuta kowane rezilta a ciki da bik.

Aikin da ya fara kunyata ni ya zo a watana na biyu. An ɗibi jinin wani ɗan kasuwa da yamma, ana son a duba masa gishirin jini, musamman potasiyom. Tanti ta tafi suna, ni kuma na ga lokaci ya ƙure, sai na sa kwalbar a firijo yadda take, ban juya ta ba. A tunanina sanyi ba ya ɓata komai. Washegari na auna, adadin ya fito sama ƙwarai, irin wanda littafi ya ce yana tsayar da zuciya. Na sake aunawa, haka. Na fita da takardar da gudu ina neman likita, sai na ci karo da Tanti a ƙofa. Ta karanta, ta leƙa waje inda mutumin ke zaune a benci yana cin fari-masa hankali kwance, ta dawo da idonta kaina.

"Ɗana, da wannan adadi na gaskiya ne, da yanzu muna zaman gaisuwa a gidansa. Ina ka kwanar da jinin?"

Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in sake ɗiba, in ba shi haƙuri da bakina, sannan in dawo ta gaya mini abin da malamaina suka faɗa ban ji ba.

Abin da ta gaya mini shi ne cewa jinin da ke cikin kwalba bai mutu ba. Zan faɗa muku yadda na fahimce shi, in na yi kuskure a wani wuri ku koma ga littattafanku. Jar ƙwayar jini tun tana cikin ɓargo take zubar da kayan cikinta. Kun ga yadda direba ke cire kujerun mota don ya loda buhunan albasa da yawa? Haka take yi. Tana fitar da cibiyarta, tana fitar da ƴan murahun nan da sauran ƙwayoyin jiki ke ƙona abinci da iska a cikinsu, waɗanda littafi ke kira mitokondiri, duk don ta cika cikinta da sinadarin da ke ɗaukar oksijan. Saboda haka tana yawo da oksijan dare da rana amma ba ta taɓa shi, kamar ga-ruwan da ke tura kurarsa unguwa-unguwa bai sha daga cikin garwarsa ba. To amma mai rai ce, dole ta ci. Abincinta guda ɗaya tak, sukari. Tana tsinto shi daga ruwan jini, ta farfasa shi mataki-mataki ba tare da iska ba, ta samu ɗan ƙarfi kaɗan, ta zubar da sauran a matsayin wani ruwa mai tsami da ake kira laktat. Hanya ce mai ɓarna, don ƙwayar da ke da murhu tana samun ninkin-ba-ninkin wannan ƙarfi daga sukari guda. Shi ya sa jar ƙwaya ba ta daina ci.

Da wannan ɗan ƙarfi take riƙe siffarta, ta iya lanƙwasa ta wuce ta jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, kuma da shi take tafiyar da wasu ƴan famfuna a fatarta da ke tura potasiyom ciki, su fitar da sodiyom waje. Da na sa jinin ɗan kasuwar nan a firijo, sanyi ya tsayar da famfunan, potasiyom ya yi ta yoyo daga cikin ƙwayoyin zuwa ruwan da nake aunawa. Mashin bai yi ƙarya ba. Ni ne na ba shi abin da ba ya cikin jikin mutumin.

Akwai kuma wani direban taksi da aka kawo mana idanunsa sun yi rawaya, fitsarinsa kamar baƙin shayi, kwana biyu bayan ya sha wani magani. Jar ƙwaya takan ware ɗan kaso na sukarinta ta bi da shi ta wata ƙaramar hanya, don ta samu abin da ke kare ta daga lalacewa, kamar man da ke hana ƙarfe tsatsa. Wasu mutane an haife su wannan hanyar tasu ba ta da ƙarfi, kuma ba su sani ba sai ranar da wani magani ya farfasa musu ƙwayoyi. Na aika jininsa aka gwada, aka ce lafiya lau. Tanti ta ce a jira wata uku a sake, domin tsofaffin ƙwayoyin da suka fi rauni sun riga sun fashe, waɗanda suka rage sababbi ne masu ƙarfinsu. Aka jira, aka sake, abin ya bayyana. Shekara shida na yi a hannunta ina ganin irin waɗannan, har ta yi ritaya ta bar mini makullin labo.

Yanzu bari in zo ga mummunar shekarar, don saboda ita na fara wannan rubutu.

Kafin nan kilinik ɗinmu ya buɗe ƙaramin reshe a unguwar Banifandou. Babu labo a can, ɗibar jini kawai ake yi, wani mai suna Hamani ya kawo mana a kan moto, wato babur. Hamani magidanci ne, Bazabarme, don haka abokin wasana ne, kullum in ya shigo sai ya ce wai shi ne ubangidana, ga shi ya iso, in tashi in karɓe shi. Jinin sukari muna ɗibarsa ne a kwalba mai marfi ruwan toka. A cikinta akwai wani gari, filiyor, da ke toshe ɗaya daga cikin matakan da ƙwaya ke farfasa sukari. Ba nan take yake kamawa ba, yakan ɗauki awa ɗaya ko biyu, amma bayan nan sukarin ya tsaya inda yake.

A wannan shekarar, daf da shigowar bazara, waɗannan kwalabe suka ƙare. Ban san dalili ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Duk inda muka saba saye aka ce sai an jira. Aka ce a yi amfani da masu jan marfi, waɗanda babu komai a cikinsu, kuma hakan ba laifi ba ne muddin za a juya jinin da wuri a raba ruwan da ƙwayoyin. Ƴan takardun ƙaramin mashin ɗin da ake huda yatsa su ma suka ƙare. Kuran kuwa, wato wutar lantarki, sai ya tafi tun hantsi, sai ya ga dama ya dawo. Ina aiki da tawul a wuya, ina lissafin mintocin da firijo zai iya jurewa. Hankalina duk ya tafi kan magungunan gwaji kada zafi ya lalata su. Kowace safiya ina gwada mashin da ruwan gwaji na musamman wanda aka san adadinsa, kuma kowace safiya yana fitowa daidai. Wannan ne ya kwantar mini da hankali, kuma a nan na yi kuskure, domin ruwan gwajin nan babu ƙwaya ko ɗaya a cikinsa.

A cikin waɗannan watanni har barkwanci muke yi a wurin aiki, cewa mutanen Banifandou sun fi kowa lafiya a Yamai, ba mai ciwon sukari a cikinsu. Ni ma na yi dariyar, tunda a unguwar nake zaune.

Malam Ilya tela ne a bayan gidanmu, mutumin Damagaram, shekarunsa sun haura hamsin. Keken ɗinkinsa na ƙafa ne, kuma yana alfahari da shi, yana cewa shi bai taɓa jiran kuran ba. Shi ke ɗinka mini fararen rigunan aiki, kuma duk da na sha gaya masa ni ba likita ba ne, Lokotoro yake kirana. Wata rana ya taka allura da babban yatsan ƙafar dama, ƙafar da yake taka keke da ita. Ciwon ya ƙi warkewa. Ni na tura shi reshenmu. Likita ya ce a duba sukari, jini ya zo mini, na auna, na samu 1,08. Kun san mai lafiya da bai ci komai ba yana tsakanin 0,70 da 1,10, ana fara maganar ciwon sukari ne daga 1,26. Na sa hannu. Bayan wata guda likita ya sake nema, don shi ma bai natsu ba. Na samu 1,02, na sake sa hannu. Da takardu biyu a gabansa, likita ya ajiye maganar sukari, aka ci gaba da wanke ciwo da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Wata Juma'a bayan masallaci na biya shagonsa. Keken a rufe da zane, shi yana kan tabarma ya miƙe ƙafa, yana ɗinka maɓalli da hannu. Ya rame. Kafin mu gama gaisawa ya shanye moɗa guda ta ruwa, ya sake cikawa. Ya ce likita ya ba shi mako biyu, in baƙin da ke gefen ciwon bai tsaya ba za a tura shi wurin masu fiɗa, a cire yatsan, watakila da wani abu a kai. Ya faɗi haka yana zura zare a allura, bai dube ni ba. Ya ce tela in ba ƙafa, to ga aikinsa nan a hannunsa, maɓalli da ƙaramin faci.

Da na tashi tafiya sai ya ce, "Lokotoro, takardarka ta ce lafiyata lau, kuma ban ƙi ba. Amma tururuwar bayan shagon nan ba su yarda da ita ba. Duk inda na tsuguna sai sun taru."

Na yi masa wata amsa da ban tuna ba, na wuce. Asabar ba ranar aikina ba ce, amma na je na buɗe labo. Na gwada mashin sau uku, daidai. Na buɗe sabon maganin gwaji, daidai. Sai na jawo kaye, na ɗauki fensir na bi sunayen Banifandou ɗaya bayan ɗaya, daga baya zuwa gaba. Wata tsohuwa da muka daɗe da sanin ciwonta, adadinta ya sauko ba tare da an canja mata magani ba. Wasu matasa biyu sun fito da 0,48 da 0,52, adadin da ya kamata a ce suna jiri suna gumi, kuma ba wanda ya ce sun yi. Mutanen da aka ɗiba a nan Plateau kuwa nasu yana yadda aka saba. Mashin ɗaya, hannu ɗaya.

Ranar Lahadi da la'asar na tafi Gaweye wurin Tanti Fati. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince zogale. Na zauna na karanta mata duk abin da nake zato, na rubuto su a takarda har guda bakwai, tun daga fitilar mashin har ruwan wanki. Ta bar ni na gama. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ƙarfe nawa ake ɗibar jinin?"

Ban sani ba. Takardar da ke biyo kwalba kwanan wata kawai ake rubutawa. Jinin yana iso mini wajen ƙarfe biyu, ni kuma ban taɓa tambayar kaina ba. Ya kamata in sani, domin mutumin da aka ce kada ya karya kumallo ba ya jira har tsakar rana, da sassafe yake zuwa. Na tashi zan tafi ta ce in tsaya in ci dambu, na ce wata rana. Ta ce kala suru, wato sai haƙuri da Zabarmanci, haka kake tun kana sabo.

Litinin na tare Hamani a ƙofa na tambaye shi yadda yake zagayensa. Ya fara da wasa, ya ce tun yaushe bawa ke tambayar ubangidansa inda ya je. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya zayyana mini. Da can daga Banifandou kai tsaye yake zuwa, kafin ƙarfe tara ya iso. Amma tun da motar kilinik ta lalace aka haɗa masa duk aikinta. Ana ɗiba ƙarfe bakwai, ya ɗauka wajen takwas da rabi, ya biya wasu ƙananan wurare biyu da ke aiko mana da jini, ya kai takardu ofisoshi, ya tsaya layin karɓo kaya, ya yi azahar, sannan ya ƙaraso. Na ce ya nuna mini inda yake sa kwalaben. Baƙin akwati ne ɗaure a bayan sirdi, a cikinsa akwai ƴar glasiyar, wato ƙaramin akwatin sanyi, amma babu ƙanƙara, tunda firijon reshe ya daina daskarar da ruwa saboda yankewar kuran. Na sa hannu ciki na fitar da sauri don zafi.

Fuskarsa ta canja. Ya ce shi abin da aka sa shi yake yi, yana da iyali, in kuma ina neman wanda zan ɗora wa laifi in faɗa masa tun yanzu. Na ce masa sa hannun da ke ƙasan takardun nan nawa ne, ba nasa ba, kuma abu ɗaya nake roƙo: gobe zan ba shi kwalba guda, ya yi zagayensa yadda ya saba.

"Kada ka yi mini alheri, Hamani. Kada ka yi sauri, kada ka nemi inuwa."

"Bagobiri bai taɓa samun alherina ba," in ji shi, "ba gobe zan fara ba."

Talata da sassafe na ɗauko Malam Ilya a taksi, bai ci komai ba. Ƙarfe bakwai da kwata na ɗibi jininsa da kaina, allura ɗaya, kwalabe uku masu jan marfi. Na liƙa wa kowace filasta, na rubuta sunansa da lokaci. Ta farko na bar ta rabin awa ta daskare, na juya ta a santiri tun kuran bai tafi ba. Ta biyu na ajiye a kan tebur. Ta uku na miƙa wa Hamani, ya sa a akwatinsa ya tafi.

Ta farko ta ba da 1,94. Na sake aunawa, 1,93. Na ɗauki takardar na shiga wurin likita. Mutum ne mai kula da aikinsa, amma ba ya son zance marar tushe, ni kuma bakina ya kama ƴan kame-kame: mai yiwuwa, ina tsammani, ban tabbatar ba tukuna. Ya jera takardun uku a gabansa, tsofaffin biyu da sabuwar. Ya ce duka ukun hannuna ne, biyu sun ce babu, ɗaya ta ce akwai, kuma insulin ba abin wasa ba ne, in ya ba mutumin da sukarinsa ke daidai zai iya kashe shi. Da wacce zai yi aiki? Na ce ya ba ni zuwa ƙarfe biyu, kuma in zai yiwu ya zo labo da kansa. Ya dube ni, ya ce ya ji.

Ban yi wani aikin kirki ba a wannan safiyar. Na sa aka kawo wa Malam Ilya abin karyawa, ya zauna a benci ƙafarsa a kan kujera. Kuran ya tafi ƙarfe goma sha ɗaya. Na je na roƙi a tayar da janareta da ƙarfe biyu ko da na minti ashirin ne, mai kula da shi ya ce sai da izini, na koma na nemo izinin. Abin da ke raina shi ne in kwalbar ta dawo da adadin da bai sauka sosai ba, to ban san dalilin kuskurena ba, kuma likita yana da hujjar ƙin yarda da duk abin da ya fito daga hannuna, har da na safiyar nan.

Biyu da minti goma Hamani ya shigo yana share gumi. Kwalbar da ya miƙo mini tana da ɗumi kamar kofin shayi. Likita ya riga ya zo, yana tsaye a bayana. Na sa ta tebur da ta moto a santiri suna fuskantar juna, na juya, na ɗebi ruwan saman kowace. Ta tebur ta ba da 1,41. Ta moto ta ba da 1,12.

Na jera kwalaben uku a gaban likita da adadin kowace a ƙarƙashinta, kuma a karon farko tun da na fara aiki na yi bayani ba tare da na ce mai yiwuwa ba. Na ce jinin mutum ɗaya ne, na minti ɗaya. Ƙwayoyin ba su san sun bar jiki ba, ci suke yi, zafi kuma yana ƙara musu ci. A jiki hanta tana mayar da abin da suka cinye, a kwalba babu hanta. Awa bakwai a bayan moto sun cinye kusan rabin sukarin Malam Ilya, suka bar mini adadin mai lafiya na sa hannu a kai, sau biyu.

Likita ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"A ba Malam gado yanzu," in ji shi. "Kai kuma Sani, kawo mini kayen nan. Daga ranar da kwalabe masu toka suka ƙare za mu fara."

Da yammar nan aka fara yi wa Malam Ilya allurar insulin. Mu kuma muka zauna muka fitar da sunayen duk wanda aka auna wa sukari daga Banifandou a waɗannan watanni. Masu waya aka kira su. Marasa waya Hamani ne ya bi su gida-gida, don ya san lungunan unguwar fiye da mu duka, kuma ba wanda ya sa shi. Ba zan faɗi yawan waɗanda aka samu da ciwon ba, don ban riƙe adadin daidai ba, amma akwai su, kuma tsohuwar nan an gyara mata magani. Da aka samu sabon santiri, tsohon namu mai rawa aka kai shi reshe, na je na yi kwana uku ina koya wa ma'aikaciyar can yadda ake jera kwalabe da yadda ake zuƙe ruwan a canja masa mazubi. Ranar da babu kuran, Hamani ya zo da jini kai tsaye, takardun ofis su jira. Kuma tun daga ranar aka kafa dokar da kuke gunaguni a kanta yanzu, cewa kwalbar da ba a rubuta mata awa da minti ba, ba ta shiga labo. Na san kuna ganin tsanani ne. Na mayar da jinin manyan mutane saboda ita, an yi mini magana, ban janye ba.

Game da ƙafar, ba zan ce saukar sukari kaɗai ya warkar da ita ba. Akwai mai wanke ciwon da ta yi aikinta kullum ba fashi, akwai magani, akwai ikon Allah. Abin da na gani shi ne baƙin ya tsaya a cikin makon farko. Masu fiɗa sun duba, suka kankare matacciyar fata kawai, suka bar yatsan. Naman ya fara cikowa a hankali, ja mai kyau. Ya ɗauki mako bakwai, kuma ko bayan an sallame shi likita ya hana shi taka keke sai fatar ta yi ƙwari.

Damina ta riga ta sauka ranar da na biyo ta layinsu da hantsi, ina tsallake kududdufai. Tun daga kwana na jiyo ƙarar. Na tsaya a ƙofar shagon na yi sallama. Yana zaune ya sa takalmi mai rufi kamar yadda aka umarce shi, yadin wata babbar riga yana gudu a ƙarƙashin allura, ƙafar dama tana sama tana ƙasa. Ya amsa sallamar bai ɗago ba, ya nuna mini benci da haɓa.

"Zauna, Lokotoro, ka yi mini uzuri. Ƙafar nan ta huta wata biyar, ba zan tsayar da ita don gaisuwa ba."